Doka, Fili da Wuta: Ikon Jihar Gombe kan Ababen Hawa na Lantarki da Tashoshin Caji

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ikon da doka ta bai wa jiha a Nijeriya na kwaɗaitar da jama'a su koma ga ababen hawa na lantarki, kuma ta ɗauki garin Gombe a matsayin fagen nazari. Ta bi takardun doka, ta kwatanta matakan da wasu ƙasashe, jihohi da birane suka ɗauka, sannan ta yi lissafin abin da Keke Napep ɗaya ke ci a wuni. Ta gano cewa ribar komawa lantarki a Gombe ta rataya ne ga inda aka yi caji da kuma farashin yunit, kuma waɗannan biyun sun fi kusa da hannun jiha a kan farashin mota. Don haka ta ba da shawarar a fara da keke da babur, a kuma karkata kwaɗaitarwa ga tashar caji da batir.

1.0 Gabatarwa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma a watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. A garin Gombe, waɗanda suka fara jin nauyin abin su ne 'yan acaɓa da masu Keke Napep da ke jigila tsakanin Pantami, Bolari, Jekadafari, Tudun Wada da Babbar Kasuwa, sai fasinjan da aka ɗora wa ƙarin kuɗin. Direban keke yana fitowa da safe da bashi biyu a kansa, kuɗin mai da balas ɗin mai keke, kafin ya samu abin cefane.

Tun daga lokacin maganar motocin lantarki ta fita daga zauren masana ta shiga bakin gwamnoni. Tambayar da ta rage ita ce wace irin doka ce jiha za ta iya yi, kuma wace kwaɗaitarwa ce za ta yi aiki a gari irin Gombe. Manufar maƙalar uku ce: tantance abin da ke hannun tarayya da abin da ke hannun jiha, auna matakan da aka gwada a wasu wurare da ma'aunin Gombe, da fitar da abubuwan da dokar jiha ya kamata ta ƙunsa.

Akwai kalmomi uku da ke buƙatar bayani. Kwaɗaitarwa a nan na nufin duk wani rangwame, yafiyar haraji, kyautar fili ko fifiko da hukuma ke bayarwa don jawo mutum ga wani zaɓi ba tare da tilasta shi ba. Tashar caji ita ce wurin da ake cika batirin abin hawa, ko a jona shi kai tsaye ko a musanya wanda ya ƙare da cikakke. Yunit kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda, wato ma'aunin da mitar gida ke ƙirgawa.

2.0 Waiwayen Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ra'ayoyi uku ne suka yi tashe a Nijeriya kan wannan batu. Na farko shi ne na masu ganin abin bai dace da ƙasar da ke haƙo mai ba. Ya fito fili a Majalisar Dattawa a watan Afrilu na 2019, lokacin da Sanata Ben Murray-Bruce ya gabatar da ƙudurin daina amfani da motocin fetur nan da 2035. Ƙudurin bai tsallake ba. Masu suka sun kafa hujja da tsadar motocin da kuma dogaron tattalin arzikin ƙasa ga mai. Hujjar tsada tana nan da ƙarfinta. Ta biyun kuwa ta yi rauni tun da aka cire tallafi, domin talaka a Gombe ba ya cin wata ribar arhar mai, duk da rijiyoyin Kolmani da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a kan iyakar Gombe da Bauchi a watan Nuwamba na 2022.

Ra'ayi na biyu na masu cewa a fara da iskar gas ne. Shi ne ya haifar da shirin fadar shugaban ƙasa na mayar da motoci masu amfani da CNG a 2023. Ra'ayin yana da ma'ana a garuruwan da bututun gas ya ratsa. Amma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, bai bi ta Gombe ba, don haka gas ɗin da za a sayar a nan sai an ɗauko shi a mota, kamar yadda ake ɗauko fetur.

Na uku shi ne na masu fasaha, kuma fitaccen wakilinsa Jelani Aliyu ne, ɗan asalin Sakkwato da ya tsara surar motar Chevrolet Volt a Amurka, ya kuma shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka fito da Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, da wasu a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Wannan ra'ayi ya tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne.

Giɓin da ra'ayoyin uku suka bari iri ɗaya ne. Duk sun dubi tarayya, kuma duk sun dubi ƙaramar motar gida. Matsayin jiha da ƙaramar hukuma, da kuma keke da babur waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan mutanen gari, ba su samu kulawar da ta kamace su ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce karanta dokokin da suka raba iko: Tsarin Mulki na 1999 da gyaran da aka yi masa a 2023, Dokar Wutar Lantarki ta 2023, da Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Ta biyu ita ce kwatance, inda aka zaɓi wuraren da matakinsu ya fito a rubuce: Norwe, Kalifoniya, Delhi, Ruwanda, Kenya da Jihar Borno. Ta uku lissafin gwaji ne. Lambobin da aka yi amfani da su wajen nisan tafiya da cin mai na misali ne, an ɗauke su don a nuna yadda riba ke sauyawa idan farashin yunit ya sauya, kuma duk mai son sake lissafin zai iya sa nasa lambobin.

4.0 Nazari

4.1 Rabon iko tsakanin Abuja, Gombe da ƙaramar hukuma

Kuɗin kwastan da harajin VAT, waɗanda su ne ke ɗaga farashin abin hawa tun daga tashar jiragen ruwa, ba sa hannun jiha. A nan tarayya ta riga ta motsa. A watan Oktoba na 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da cire VAT, wanda ke kan kashi 7.5 cikin 100, daga motocin lantarki tare da gas da dizal. Kafin nan Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa Nijeriya za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ya kuma sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamba na wannan shekarar.

Abin da ke hannun jiha ya fi yadda ake zato. Rajistar abin hawa, lamba da sabunta takardu na jiha ne. Filin cikin birni yana hannun gwamna a matsayin amana bisa dokar 1978, kuma shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne. Motocin gwamnati da na kamfanin sufurin jiha, Gombe Line, jiha ce ke sayensu. Kafa tashoshin mota da kula da su kuwa Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ba ƙananan hukumomi.

Babban sauyin ya zo a 2023. A watan Maris Buhari ya sa hannu a gyaran Tsarin Mulki da ya ba jihohi ikon yin doka kan samarwa, dako da rarraba wuta har a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa. A watan Yuni Tinubu ya sa hannu a Dokar Wutar Lantarki. Tsarin da ta shimfiɗa a fili yake: jiha ta yi dokarta, ta kafa hukumar sa ido, ta sanar da hukumar ƙasa NERC, sannan a miƙa mata iko cikin wata shida, kamfanin rarraba wuta kuma ya buɗe reshe na musamman don wannan jiha. Enugu ce ta fara karɓar umarnin miƙa iko a watan Afrilu na 2024. Ma'anar wannan ga Gombe ita ce farashin yunit ɗin da tashar caji za ta biya abu ne da doka ta buɗe wa jiha ƙofar yankewa.

4.2 Abin da aka gwada a wasu wurare

Norwe ce ake yawan kawowa misali, domin kusan 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a can a 2024 na lantarki ne zalla. Ta kai ga haka da yafe harajin saye tun 1990 da VAT na kashi 25 tun 2001. Duka biyun makaman gwamnatin tsakiya ne, a ƙasa mai kuɗi wadda mafi yawan wutarta daga ruwa take. Jiha a Nijeriya ba ta da waɗannan makamai.

Kalifoniya ta fi kusa ta fuskar tsari, domin jiha ce. A 1990 hukumar kula da iskarta ta wajabta wa kamfanoni sayar da wani kaso na motoci marasa hayaƙi. Wannan ya yi aiki ne saboda girman kasuwarta, kamfani ba ya iya juya mata baya. Wani darasin daga Amurka ya fi amfani ga Gombe: fiye da jihohi 30 sun ɗora wa motocin lantarki ƙarin kuɗin rajista a shekara, saboda harajin mai da suke gyara hanyoyi da shi ya ragu. Yafiyar da ba a sa mata wa'adi ba tana komawa rigima ranar da za a janye ta.

Indiya da Gabashin Afirka ne suka fi kama da Gombe, domin nan ma keke da babur ne ƙafar talaka. A watan Afrilu na 2018 Ma'aikatar Lantarki ta Indiya ta bayyana cewa mai tashar caji ba ya buƙatar lasisin sayar da wuta, saboda hidima yake yi. A watan Agusta na 2020 gwamnatin Delhi ta ba da tallafin rufi 30,000 ga mai sayen keken lantarki, ta kuma yafe harajin hanya da kuɗin rajista. Ruwanda a 2021 ta yafe haraji, ta ba tashoshin caji filin gwamnati ba haya, ta sa su a farashin wutar masana'antu, sai daga Janairun 2025 ta daina yi wa sababbin baburan haya na fetur rajista a Kigali. An lura cewa hani ya zo ne bayan shekara huɗu ana shimfiɗa madadi. Kenya kuwa a watan Afrilu na 2023 ta ware wa caji farashi na daban, shilin 16 kan yunit, da rabin haka a lokacin da buƙata ta yi ƙasa cikin dare.

Misali mafi kusa yana maƙwabta. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, kuma a watan Disamba na 2023 Tinubu ya ƙaddamar da motoci 107 na lantarki da na gas da gwamnatin Jihar Borno ta Babagana Zulum ta saya don jigilar cikin gari da rahusa. A watan Maris na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sama da naira biliyan 150 don bas-bas, kekuna da wuraren caji na lantarki ta hannun Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas, wadda Gombe ke cikin jihohinta shida. Wato ababen hawan na iya isowa ko jiha ta shirya ko ba ta shirya ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

4.3 Lissafin keke ɗaya a wuni ɗaya

A ɗauka keke yana tafiyar kilomita 100 a wuni, yana cin lita ɗaya a kowace kilomita 25, kuma lita tana naira 900. Kuɗin mansa ya kama naira 3,600. A ɗauka keken lantarki mai girma ɗaya yana buƙatar yunit 10 don wannan tafiya, har da abin da ke salwanta wajen caji.

Idan an yi cajin a kan farashin wuta na rukunin A, wanda NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a watan Afrilu na 2024 kafin ya daidaita a kimanin naira 209, kuɗin ya kama kusan naira 2,100. Direba ya tsira da naira 1,500 a wuni, wato naira 39,000 a kwana 26 na aiki, ban da kuɗin baƙin mai, fulogi da wankin kafireto da ya huta da su. Idan mai tasha ya ɗora ribarsa ya sayar a naira 300, rarar ta faɗo zuwa 600. A naira 360 babu riba ko kaɗan. Idan kuma jiha ta yi irin na Kenya ta raba farashin dare biyu, wuta ta wuni guda ba za ta wuce naira 1,100 ba.

Akwai hali na biyar, kuma shi ne mafi haɗari. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu daga lita guda. Duk wanda ya caja keken da shi zai ƙona lita biyar ko fiye, wato naira 4,500, ya fi wanda bai taɓa barin fetur ba asara, hayaƙin kuma ya koma ƙofar gidansa. Lissafin ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin riba da asara tana cikin farashin yunit da tushen wutar. Tallafin saye da ba a haɗa shi da caji mai araha ba zai bar kekuna a jingine a zaure.

4.4 Wutar Gombe: dama da rauni

Gombe na da abin da jihohin Arewa da yawa ba su da shi. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 40 daga gari, tana da tashar wuta mai ƙarfin megawat 40 da kamfanin Mabon ya gina. Kekuna 1,000 masu cin yunit 10 kowanne suna buƙatar yunit 10,000 a wuni, abin da tashar za ta iya bayarwa cikin minti 15 idan tana aiki da cikakken ƙarfinta. Saboda haka yawan wuta ba shi ne cikas ba. Cikas ɗin shi ne isarta ga soket a lokacin da ake buƙata, domin ƙarfin tashar yana bin yawan ruwa, rarrabawa kuma tana hannun kamfanin Jos, JED, wanda ke kula da Gombe, Bauchi, Filato da Binuwai.

Shekarar 2024 ta nuna raunin. A watan Afrilu ɓarayin ƙarfe suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, yankin ya yi makonni cikin duhu. A watan Oktoba matsalar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar mafi yawan Arewa babu wuta sama da mako guda. Da a ce sufurin garin ya dogara ga wannan layi kaɗai, da kasuwa da asibiti da makaranta sun tsaya tare.

Wannan ne ya sa tashar caji a Gombe ke buƙatar tushe biyu, layi da sola. A yanayin Arewa, kilowat ɗaya na faifan sola yana ba da kimanin yunit biyar a wuni. Tashar da za ta ciyar da keke 50 na buƙatar kimanin kilowat 100, wato faifan da zai rufe murabba'in mita 600 zuwa 700. Rufin babbar tashar mota ta Ibrahim Dankwambo, rumfunan Tudun Hatsi, harabar Jami'ar Jihar Gombe da ta Asibitin Koyarwa na Tarayya duk suna da irin wannan sarari.

Sai dai rana tana haskawa ne a lokacin da keke ke neman kuɗi, kuma direba ba zai ajiye sana'arsa awa huɗu da tsakar rana ba. Musayar batir ce ke warware wannan. Batura suna zaune a tasha suna shan rana, direba ya zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Tsarin yana da fa'ida ta biyu: batir, wanda shi ne ɓangare mafi tsada, ya zama na kamfani, sai farashin keken ya sauko zuwa abin da mai biyan balas zai iya ɗauka. Jama'ar Gombe ba baƙi ba ne ga wannan ciniki, domin shagon mai cajin waya da ke kowace unguwa a kan wannan ƙa'ida yake tafiya.

4.5 Zafi, ƙura, batir da bakanike

A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yana kaiwa digiri 40, kuma zafi yana rage tsawon ran batirin litiyam. Nau'in LFP ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, don haka ya dace jiha ta sa shi cikin sharuɗɗan duk abin da za ta saya ko ta tallafa wa. Ƙurar hunturu tana rage abin da faifan sola ke bayarwa, wanda ke nufin tasha na buƙatar ruwa da mai wankewa. A gefe guda, gangaren da ke shigowa gari daga hanyar Bauchi riba ce, domin birkin abin hawa na lantarki yana mayar da wani kaso na ƙarfin gangara cikin batir.

Batirin da ya mutu matsala ce ta lafiya. Kekunan lantarki masu arha suna zuwa da batirin dalma, kuma 'yan gwangwan suna fasa shi da hannu. Arewa ta san illar dalma tun annobar Zamfara ta 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake a can daga dutsen zinariya ta fito. Hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024, amma aiwatarwa a unguwannin Gombe irin Herwagana ko Kumbiya-Kumbiya sai da hukumar muhalli ta jiha, GOSEPA.

Akwai kuma mutanen da abincinsu ke cikin injin fetur: bakanike, mai sayar da baƙin mai, ɗan bumburutu. Injin lantarki ba shi da fistin, ba shi da kafireto. Wanda ya fi kusa da sabon aikin shi ne rewaya. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Bajoga suna iya ɗaukar nauyin sake horar da su. Dokar da ta manta da waɗannan mutane za ta gamu da turjiya a tasha kafin ta gamu da ita a majalisa.

5.0 Shawarwari

Na ɗaya, dokar jiha ta bayyana a sarari cewa caji da musayar batir hidima ce da rajista ta wadatar da ita, kamar yadda Indiya ta yi a 2018, don kada ƙaramin ɗan kasuwa ya tsaya neman lasisin kamfanin wuta.

Na biyu, a ware wa tashoshin caji rukunin farashi na daban, mai rahusa da dare, da sharaɗin su manna farashin yunit a bango kamar yadda gidan mai ke nuna farashin lita.

Na uku, hukumar filaye GOGIS da hukumar tsara birane su ware gurabe a tashoshin motar Dukku, Bauchi da Dadin Kowa da ke cikin gari da manyan kasuwanni, a ba da su haya kyauta na wa'adi, a kuma karɓe duk wanda ba a gina ba. Wannan na buƙatar yarjejeniya da ƙananan hukumomin Gombe da Akko, waɗanda garin ya ratsa.

Na huɗu, a yafe kuɗin rajista da sabunta takardu ga keke da babur na lantarki, a rubuta ranar ƙarewar yafiyar cikin dokar tun farko.

Na biyar, maimakon raba kekuna kyauta, jiha ta tsaya wa direbobi a banki ta hannun ƙungiyoyinsu, domin rarar kuɗin mai ita za ta biya bashin.

Na shida, Gombe Line ta fara da gajerun hanyoyi: Kumo, Deba, Dadin Kowa, Billiri, Kaltungo, Bajoga da Dukku, waɗanda duk ba su kai kilomita 100 daga gari ba. Hanyar Bauchi mai kusan kilomita 150 da ta Yola mai kimanin 250 sai an yi shiri da maƙwabta, kuma kasancewar Gombe ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas ya sa ita ce mahaɗar da ta dace da manyan tashoshin caji na yankin.

Na bakwai, duk mai sayar da batir ya ɗauki alhakin karɓar tsohon.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa farashin abin hawa yana hannun tarayya, amma fili, rajista, tasha, sayayyar gwamnati da, tun 2023, dokar wuta suna hannun jiha da ƙananan hukumominta. Ta nuna cewa keke ɗaya na iya tsira da naira 1,500 a wuni ko ya yi asarar 900, gwargwadon inda ya yi caji. Ta kuma nuna cewa misalan Delhi, Kigali, Kenya da Maiduguri sun fi na Norwe dacewa da Gombe. Jihar da ta dasa itatuwa ƙarƙashin shirin 3G tun 2019 a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, ta kuma zo ta ɗaya a sauƙin kasuwanci a 2021 da 2023, tana da hukumomin da za su iya ɗaukar wannan aiki. Mataki na gaba da nazarin ya nuna shi ne gwaji na shekara guda da keke 50 da tashar musaya ɗaya mai kilowat 100, a riƙa rubuta kilomita, yunit, zafin batir da kuɗin da ya rage a aljihun direba kowace yamma, sannan a miƙa wannan rajista ga Majalisar Dokokin Jiha kafin ta zauna kan ƙudurin dokar.